Ɓarakar da Ta Shekara Tara

'Yan'uwana ɗalibai, kanel shi ne zuciyar kwamfuta, shi ke riƙe da mabuɗai duka, kamar Shugaban makaranta. A 2016 aka gano wata ɓaraka a kanel na Linux, aka raɗa mata suna Dirty COW. Ashe tun 2007 take nan. Ta wurinta mai ƙaramin izni yakan yi rubutu cikin fayil da aka yardar masa karantawa kaɗai, har ya ƙwace ikon na'urar duka. Watau ɗan aji ɗaya ya shiga ofis ya gyara makinsa.

Ni na taɓa sa wa wata tsohuwar kwamfuta facin, na manta in sake kunna ta. Sati guda tsohon kanel ke aiki! To, ku sa faci, ku sake kunnawa, sa'an nan ku duba lambar kanel.