Darasi Domin Iyaye: Yaron Da Ya Yi Jinkiri

Kafin a shiga wannan darasi, a buɗe Bishara ta hannun Markus, sura 9, a karanta daga aya 14 zuwa 27. Labarin wani uba ne wanda ya kawo ɗansa wurin Ubangijinmu Yesu. Yaron ba ya ji, ba ya magana, abin kuma yakan buga shi ƙasa yana kumfa. Sau da yawa mun yi wa'azi a kan bangaskiyar uban nan. Amma akwai wani abu a aya 21 wanda mukan tsallake. Kafin Yesu ya warkar da yaron, sai da ya tambayi uban tun yaushe abin ya soma. Uban kuwa ya sani, gama ya lura da ɗansa tun yana ƙarami.

Irin wannan tambaya ce nas mai lura takan yi wa uwa a ranar awo. Yaushe ya soma zama? Yana juyowa in an kira shi? Kalma nawa ya iya? Waɗansu mata a wajenmu sukan ji haushi, su ce sun zo karɓar allura ne, ba hira ba. Muna so mu nuna cewa tambayoyin nan su ma awo ne, awon da ma'auni ba ya iya yi.

Mu soma da katin awo, wanda kowace uwa ta sani. Asalinsa daga aikin mishan ne a ƙasarmu. Wani likita Bature, David Morley, ya zo Nijeriya a 1956 ya yi aiki a asibitin Wesley Guild na Ilesha. A wani gari, Imesi-Ile, shi da wata nas, Margaret Woodland, suka riƙa auna yara wata-wata suna ɗiga nauyinsu a kan kati, suna ba uwa katin ta tafi da shi gida. Idan layin ya daina hawa, an san yaro ya shiga hatsari tun bai kwanta ba. Daga can wannan dabara ta bazu ko'ina a duniya. A yau an ƙara da tsirkiyar nan da ake ɗaura wa yaro a dantse: idan ta nuna ja, watau ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani.

Amma Luka ya gaya mana a sura 2 cewa girman yaron nan Yesu bai tsaya ga jiki kaɗai ba, har da hikima da zamansa da mutane. Haka kowane ɗa yake. Akwai girman gaɓoɓi, watau zama da rarrafe da tafiya. Akwai aikin yatsu da ido. Akwai ji da magana. Akwai kuma sanin mutane, murmushi da wasa da ƙyuya. Yaro yana iya yin ɓul-ɓul, katinsa yana hawa lafiya, alhali kuwa kurma ne ba wanda ya sani.

Don me muke wannan magana a Batsari da Safana musamman? Domin yaranmu sun sha abin da yake jawo jinkiri fiye da na wurare da yawa. Daga wajen 2019 'yan bindiga daga Dajin Rugu suka tsananta wa ƙauyukanmu. A watan Fabrairu 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin dare ɗaya. Gonaki suka kwana ba noma, mata suka haihu a gudun hijira, yara da yawa suka rasa allurarsu ta rigakafi. Yunwa ta bi baya. A wata shida na farkon 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jiyyar yara kusan 70,000 masu tamowa a Jihar Katsina, 652 kuwa suka mutu a hannunta. Mun yi makokin waɗanda suka tafi. Amma dubban da suka rayu fa? Ƙwaƙwalwar yaro tana yin mafi yawan girmanta kafin ya cika shekara 3. Yunwar da ta same shi a lokacin nan ba ƙiba kaɗai take ci ba. Waɗanda aka haifa a 2019 sun isa shiga makaranta yanzu, malamai kuwa za su ce wannan daƙiƙi ne, ba su san abin da ya wuce ba.

Ban da yunwa akwai doguwar naƙuda, wadda jariri yakan fito bai yi kuka da wuri ba. Akwai shawarar jarirai, sa'ad da idon jariri da jikinsa suka yi rawaya ƙwarai a makon farko. In ba a kai shi asibiti ba tana iya taɓa ƙwaƙwalwa da kunne. Sanƙarau yakan bar kurunta. Zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga da suma yakan bar rauni. Ƙyanda takan ci ido. A maƙwabtanmu na Zamfara, a 2010, gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400, ta bar waɗansu da ciwon ƙwaƙwalwa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba maita ba ne.

Iyakar jira

Tsofaffi sukan ce kowane yaro da ranarsa. Gaskiya suka faɗa, amma ba duka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara masu lafiya a ƙasashe biyar, Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ta bayyana abin da ta gani a 2006. Waɗansu sun zauna da kansu tun kafin wata 4, waɗansu sai da suka kai wata 9. Waɗansu sun yi tafiya a wata 8, waɗansu sai wajen wata 17 da rabi. Kaɗan daga cikinsu ba su yi rarrafe ba sam, suka miƙe kawai suka yi tatata. Ashe fili yana da faɗi, kada uwa ta tsorata don ɗan kishiya ko na maƙwabciya ya riga nata. Amma filin yana da iyaka, iyakar nan kuwa ita ya kamata kowane gida ya riƙe.

Jaririn da ya wuce wata 3 bai yi wa uwarsa murmushi ba, ko ba ya bin fuskarta da ido, a nuna shi. Haka wanda ya kai wata 4 wuyansa yana lanƙwasa a goyo, ko jikinsa ya cika sanƙarewa ko ya cika laushi. Wanda ya wuce wata 9 bai zauna shi kaɗai ba, ko ba ya gwaranci. Wanda ya kai wata 18 bai taka ba, ko ba shi da kalma ko ɗaya, ko ba ya nuna abin da yake so da yatsa. Wanda aka yaye, ya cika shekara 2, bai haɗa kalma biyu ba. Bakwaini kuwa a rage masa makonnin da ya rigaya, kada a ƙirga masa jinkirin da ba nasa ba. Alama ɗaya ce ba ta jiran wata: yaron da ya iya wani abu sa'an nan ya rasa shi, yana magana ya daina, yana tafiya ya koma ja da gindi. Wannan a kai shi a makon nan.

Yadda nas take dubawa ba wani abin tsoro ba ne. Takan tambayi uwa, gama ba wanda ya san yaro kamar mai goyonsa. Takan miƙa masa ɗan abu ta ga yadda zai kama. Takan sa wani ya kaɗa gwangwani a bayansa inda ba ya gani. Masana biyu a Denver ta Amurka, Frankenburg da Dodds, su suka tsara irin wannan gwaji a 1967. Sai dai nasu yana tambaya ko yaro ya iya tuƙa keke mai ƙafa uku, ko ya iya hawa matakala. Ɗan Runka ko Wagini ina ya ga waɗannan? Saboda haka a 2010 aka fito da wani a Malawi wanda aka gina bisa zaman yaran ƙauye. A lura kuma, wannan duba ba hukunci ba ne. Tankaɗe ne kawai, don a ware wanda ya kamata likita ya ƙara dubawa. Da yawa daga cikin waɗanda aka tura Katsina ko Dutsin-Ma sukan dawo an ce ba kome.

Ranakun rigakafi su ne dama: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, da wata 15. Mun sani sarai nas ɗaya takan fuskanci layin mata har bakin ƙofa, ba kullum take samun sukunin tambaya ba. To, in ba ta tambaya ba, uwa ta faɗa da kanta. Bayan wata 15 kuwa yawancin yara ba su ƙara ganin asibiti sai da ciwo, alhali a lokacin ne jinkirin magana yake bayyana. Wannan giɓi namu ne mu cika.

Abin da ke rufe bakinmu

Wata 'yar'uwa a cikin Zumuntar Mata tana da ɗa wanda ya yi zazzaɓi mai tsanani a wata na goma, suna gudun hijira. Ya warke, ya yi tafiya a kan kari, amma bai yi magana ba. Kakarsa ta ce kawunsa ma sai da ya shekara huɗu. Uwar ta lura ba ya juyowa ko an yar da kwano, amma ɗan fari ne, ta ji kunyar ta yi zancensa gaban surukai. Mu ma da muke shugabanta mun ce a yi ta addu'a, ba mu ce a je a duba ba. Laifin nan namu ne. Sai da ya kai shekara 3 aka kaɗa masa gwangwani a asibiti, bai ko motsa ba. Shekara biyu ke nan yana zaune a cikin gidan da ba mai yi masa magana ta hanyar da zai gane, ana dūkansa wai taurin kai gare shi.

Alkunya kyakkyawan hali ne, ba mu ce a yar da ita ba. Amma kunyar ɗan fari ba ta kai a rufa masa ciwo ba. Abin da ya fi kunya muni shi ne zargi. Waɗansu su ce iska ce ta taɓa shi, waɗansu su ce an sauya shi. A cikin ekklesiya kuwa sai a ji ana raɗa, wai wane zunubi iyayen suka yi. Almajirai ma sun yi wannan tambaya a kan mutumin da aka haifa makaho, Yesu kuwa ya kawar da ita gaba ɗaya, kamar yadda za ku gani a Yahaya sura 9. Muddin uwa tana tsoron za a ɗora mata laifi, za ta ɓoye yaron a ɗaka, ta amsa wa nas cewa lafiya lau.

Wani zai ce, in an gano ma, mene ne amfani, tun da ba mu da kuɗin manyan likitoci? Dattawanmu da suka san aikin kutare na Babbar Ruga, can kan hanyar Katsina, za su ba shi amsa: wanda ya zo da ɗan tabo yakan koma da yatsunsa, wanda ya jira kuwa ya rasa su. Waɗansu abubuwa suna da magani kai tsaye, kamar tamowa, da ƙarancin jini, da kunne mai mugunya, da farfaɗiya. Waɗansu ba su warkewa, amma yaro yakan ci gaba ƙwarai in an soma da wuri. Mai sanƙararrun gaɓoɓi ana koya wa uwarsa yadda za ta zaunar da shi, ta miƙe masa ƙafa da hannu kowace rana don kada su ƙage. Kurma kuwa hankalinsa garau yake, harshe kawai yake bukata. Hausawa suna da maganar hannu tun dā, akwai kuma makarantar kurame ta gwamnati a Malumfashi. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, kurma ne shi kansa, shi ne mai bishara wanda ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya kuma buɗe wata a Ibadan a 1960.

Akwai kuma magani wanda ba a saye. A Kingston ta Jamaika, daga 1986, wata likita, Sally Grantham-McGregor, ta ɗauki yara 129 waɗanda yunwa ta tsumburar. Waɗansunsu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya gida mako-mako har shekara biyu, tana koya wa uwa wasa da ɗanta da yi masa hira, da kayan wasan da aka yi da tarkacen gida. Bayan shekara ashirin aka neme su, aka tarar abin da suke samu a sana'a ya fi na 'yan'uwansu da ba a yi wa haka ba da kashi 25 cikin 100. Gwangwanin madara, da ƙwarya, da tsumma, da bakin uwa: duk muna da su a Safana. Mu maza kuma kada mu ce aikin mata ne. A Markus 9 uba ne ya kawo yaro, shi ne kuma ya amsa tambaya.

Ga shawararmu ga dattawan kowace ekklesiya. A taron Zumuntar Mata na farkon wata, kowace mai goyo ta zo da katin ɗanta. A zaɓi mace ɗaya mai karatu, mai riƙon asiri, ta zauna da su ɗaya-ɗaya a gefe, ba a gaban jama'a ba, ta tambayi abin da muka lissafa a sama. In akwai nas ko ungozoma a cikinku, ita ta fi dacewa. Wadda aka ga ɗanta ya wuce iyaka, kada a gaya mata sunan wani ciwo, gama ba aikinmu ba ne. A raka ta asibitin Batsari ko wanda ya fi kusa, kuɗin mota kuwa ya fito daga baikon ekklesiya. Maƙwabciya Musulma in ta so zuwa da nata, a shimfiɗa mata tabarma.