Sauya Aikin Gado a Umarnin Kwamfuta

Masu rubuta umarnin kwamfuta sukan kasa abubuwa aji-aji, ƙarami yana gadon ayyukan babba. Harshen Simula na ƙasar Norway ne ya shimfiɗa wannan hanya a 1967.

Alal misali, ajin Ma'aikaci yana da aikin lissafa albashi. Ajin Likita ya gaje shi, amma likita yana da alawus na daban. Sai a sake rubuta aikin a ƙarƙashin Likita da suna iri ɗaya, kwamfuta ta bi sabon, ta bar na gado.

A kula: in aka kuskure harafi guda a sunan, tsohon lissafi zai ci gaba, likita ya rasa haƙƙinsa. Saboda haka a harshen Java akan sa alamar @Override, domin kwamfuta ta tona kuskuren tun da wuri.