Wace Waya Zan Saya Idan Na Sauya Layi?

Tambaya: Ina kasuwanci tsakanin Bodinga da Shagari. Zan sauya kamfanin layina, in kuma sayi sabuwar waya. Ko in nemi mai 5G?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya yi wa kasuwa albarka. Kar 5G ta ɗauke maka hankali. MTN ta fara ta a 2022, amma ƙarfinta yana manyan birane. Waya mai 4G ta wadatar da kai.

Abin da za ka fi dubawa shi ne batir. Mai yini a kasuwa, ga wuta ba tabbas, ya nemi 5,000mAh. Tecno, Infinix da Itel suna da irinsu, kuma kayan gyaransu ba sa wuya a Sakkwato. Ka ɗauki mai cin layi biyu, domin inda MTN ta yi rauni a hanya, wataƙila Airtel ta kama.

Tun 2013 ana iya komawa wani kamfani da tsohuwar lamba, don haka abokan cinikinka ba za su rasa ka ba. In za ka je sauya kamfanin, ka tafi da lambarka ta NIN.

Kafin ka biya kuɗin wayar, danna *#06#, ka gwada lambar da ta fito da ta jikin kwali. In sun saɓa, ka bar musu kayansu, kuma kar ka fito shago ba rasit.