LISSAFIN BANA DA NA BARA: MU JERA SU MU GANI

Ƴan'uwa manoma na Ɗan Issa da kewaye, masu karatu a makarantun yaƙi da jahilci, ga darasin wannan wata. Ku karanta shi tare da malaminku. Kowa ya ɗauko alli da allo.

Kowace shekara ƙungiya tana kiran taro. Ma'aji ya tashi ya karanta lissafi. In ya ce an ci riba, sai a tafa, a watse. Amma lissafin shekara guda ba ya faɗin kome da kome. Manomi ba ya sanin gonarsa ta gaji sai ya tuna damman da ya ɗaure bara da bara waccan. Haka lissafin ƙungiya yake. Waiwaye adon tafiya.

ABIN DA YA WUCE

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Maraɗi. A 1962 gwamnati ta kafa UNCC don ta tallafi ƙungiyoyin manoma. A shekarar kuma aka kafa SONARA, kamfanin sayen gujiya. Daga baya manoma suka karɓi kasuwannin gujiya a hannunsu. Su ke awo, su ke rubutawa. Garin da ke da masu karatu ya san kilo nawa ya sayar. Garin da ba ya da su sai abin da aka faɗa masa.

Manyan kamfanoni ma haka suke yi. Nijar tana cikin ƙasashen Afirka 17 masu bin dokar kasuwanci guda, wadda ake kira OHADA. A dokar, ana rufe lissafi ranar 31 ga Disamba. Kuma ana rubuta lissafin bana kusa da na bara, a takarda guda, don mai dubawa ya ga bambanci.

GA MISALI

A ce wata ƙungiya tana da bankin cimaka. Tana sayen hatsi da kaka, ta ajiye, ta sayar wa mutanen gari da damina. Lissafin da jika yake. Ku tuna: jika 1 ita ce dala 200, wato sefa 1000.

Ciniki
bara waccan 2000, bara 2500, bana 2700

Kuɗin sayen hatsi
bara waccan 1500, bara 1900, bana 2070

Ɗawainiya (buhuna, dako, mai gadi)
bara waccan 200, bara 300, bana 360

Riba
bara waccan 300, bara 300, bana 270

Buhun da aka sayar
bara waccan 100, bara 100, bana 90

Bashin da ke hannun mutane a ƙarshen shekara
bara waccan 100, bara 300, bana 600

Yadda ake fidda riba: a ɗebe kuɗin sayen hatsi da na ɗawainiya daga ciniki. Abin da ya rage shi ne riba. Ku gwada da na bana: 2700 a ɗebe 2070, saura 630. A ɗebe 360, saura 270.

TAMBAYA TA 1: KUƊI SUKA ƘARU KO KAYA?

Ciniki ya tashi daga 2000 zuwa 2700. Wanda ya ji wannan kawai sai ya yi murna. Amma ku dubi buhuna. Bara waccan 100, bana 90. Ashe ba hatsi ya ƙaru ba, tsada ce ta ƙaru. Buhun da aka sayar jika 20 ya koma 25, ya koma 30. Gidajen da suka samu hatsi bana ba su kai na da ba.

TAMBAYA TA 2: NAWA NE RIBA CIKIN KOWANE 100?

Ku raba riba da ciniki, ku ninka sau 100. Bara waccan, cikin kowace jika 100 ta ciniki, riba jika 15 ce. Bara 12. Bana 10. Ma'aji bai yi ƙarya ba da ya ce an ci riba. Amma riba tana ramewa shekara da shekara.

Ga wata hanya mai sauƙi. Ku maida riba hatsi. Bara waccan an sayi buhu jika 15 da kaka, ribar 300 tana sayen buhu 20. Bara an saya 19, ribar 300 tana sayen buhu 15 da ɗan ƙari. Bana an saya 23, ribar 270 tana sayen buhu 11 da ɗan ƙari. Kun gani? Ba a tuƙa tuwo da takardar kuɗi.

TAMBAYA TA 3: INA ƊAWAINIYA TA NUFA?

Ku raba ɗawainiya da yawan buhuna. Bara waccan buhu guda ya ci jika 2. Bara ya ci 3. Bana ya ci 4. Ta ninka cikin shekara 2. Nan ya kamata a tambayi shugabanni da ladabi: mine ne ya ƙara tsada? Dako ne, ko buhuna? A fiddo rasit a gani. Tambaya ba zargi ba ce. Kuɗin na kowa ne.

TAMBAYA TA 4: RIBAR TANA CIKIN AKWATI?

Nan ne babbar magana. Hatsin da aka ba da bashi an rubuta shi cikin ciniki, amma kuɗinsa ba su shigo ba. Bashi ya tashi daga 100 zuwa 600. Ya fi ribar bana sau 2. Jika 600 kuɗin buhu 26 ne da kaka. In ba a biya ba, buhu 26 ba za su shiga ɗakin ajiya ba. Da damina, lokacin da rumbu ya ƙare, ƴaƴanmu ne za su ji a jikinsu. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma na ƙungiya a biya shi kafin kaka.

KU YI HATTARA DA ABU 3

1. A rufe lissafi rana guda kowace shekara. In bara an rufe da kaka, bana da damina, ba za su gwadu ba.

2. A rubuta da kuɗi iri guda. Ɗan Issa na bakin iyaka, kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina. Naira da sefa duk suna yawo a kasuwa. Canji ba ya tsayawa wuri guda; a 2023 naira ta faɗi ƙwarai. In an karɓi naira, a maida ta sefa da canjin ranar, sannan a rubuta.

3. A sa alama ga shekarar da ba ta yi kama da sauran ba. A 1973 da 1984 an yi fari. A 1975 cuta ta ci gujiya. A watan Janairu 1994 an karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Najeriya ta rufe iyaka. Irin waɗannan shekaru ba laifin ma'aji ba ne. Don haka a jera shekara 3 ko fiye, kada a tsaya ga 2.

AIKI

1. Nawa ciniki ya ƙaru daga bara zuwa bana?
2. Nawa bashi ya ƙaru daga bara zuwa bana?
3. Wata ƙungiya ta yi cinikin jika 1500, ribarta 120. Nawa ne riba cikin 100?
4. Da kai ne shugaba, wace shawara za ka kawo a taro?

Ku roƙi ma'ajin ƙungiyarku ya kawo littattafan shekara 3 a makaranta. Ku ja layi 3 a babban allo, ku jera lambobin, maza da mata. Kowa ya yi tambayoyin nan 4. Ku aiko wa jaridarku abin da kuka samu ta hannun malaminku.