Daga Kufan Tikal Zuwa Kogin Challawa: Yawon Buɗe Ido Mai Bin Sawun Ruwa

Kowace shekara makarantun sakandare da dama a Kano kan yi hayar mota su fita da ɗalibai yawon buɗe ido. Galibi akan leƙa Gidan Makama, a hau Dutsen Dala, a zarce gidan namun daji na Audu Bako, a ɗauki hotuna, a komo gida kafin la'asar. Idan malami ya ce a rubuta rahoto, sai ya tarar da lokacin tashi da lokacin dawowa da abin da aka ci a hanya. Dalili kuwa shi ne an fita ba tare da wata tambaya da ake neman amsarta ba. Wannan darasi zai ba da tambaya guda da za a iya riƙewa tun daga kufai har kogwanni da dazuzzuka: daga ina gari yake samun ruwansa, kuma ina yake zubar da shi idan ya gama amfani da shi? Domin a ga nauyin tambayar, bari mu fara da wani birni na nesa wanda masana suka riga suka yi masa ita.

Birnin da ba shi da kogi

A arewacin ƙasar Gwatamala, a tsakiyar nahiyar Amurka, akwai kufan wani babban birni na al'ummar Maya mai suna Tikal. Masu yawon buɗe ido daga ko'ina a duniya suna zuwa su hau dogayen gine-ginensa na dutse, waɗanda mafi tsawonsu ya kai kusan mita 70, su kalli birai da tsuntsaye masu launi a dajin da ya rufe birnin. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihi na duniya. Al'ummar Maya kansu ba su ƙare ba, miliyoyinsu suna nan suna magana da harsunansu. Birnin ne aka watse aka bari.

Abin da mai ziyara ba ya lura da shi da wuri shi ne babu kogi ko tafki na halitta a Tikal. Ƙasar wurin dutsen farar ƙasa ce mai tsotse ruwa, ga kuma rani na watanni. Saboda haka magina suka daɓe filayen birnin, suka ɗan karkatar da su yadda ruwan sama zai gangara cikin tafkunan da suka haƙa. Da wannan ruwa dubban mutane suke cin rani.

A shekarar 2020 masana daga Jami'ar Sinsinati ta Amurka suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan lakar da ta kwanta a gindin waɗannan tafkuna. A tafkuna biyu na tsakiyar birni, kusa da fada da wuraren bauta, sun sami zaiba mai yawa. Ta fito ne daga wani jan dutse da ake kira sinaba, wanda ake niƙawa a yi wa gine-gine da tukwane ado, a kuma barbaɗa a kaburburan manya. Ruwan sama yana wanke jan launin, yana kai shi tafki. Sun kuma sami alamar wata irin gansakuka mai dafi, wadda ke yaɗuwa idan ragowar abinci da ƙazanta suka yawaita a ruwa. Abin mamaki, a wani tafkin da ke gefen birni an sami yashi da wani ma'adini mai suna ziyolait, waɗanda masanan ke ganin an ɗauko su daga nisan kimanin kilomita 30 don tace ruwa. Ke nan mutanen sun san darajar ruwa mai tsabta, amma adon tsakiyar birni ya rinjayi wannan sani.

Shaida ta biyu daga kogo ta fito. A dutsen farar ƙasa, ruwan da ke ɗiga daga rufin kogo yakan bar ɗan ɓurɓushi a ƙasa, shekara bisa shekara, har ya zama wani turke na dutse. Yanayin oksijin da ke cikin kowane rufi na turken yana nuna ko an yi ruwa da yawa a zamanin ko an yi fari. A 2012 aka buga nazarin irin wannan turke daga kogon Yok Balum na ƙasar Beliz, maƙwabciyar Gwatamala, ya nuna cewa bayan shekara ta 660 Miladiyya ruwan sama ya yi ta ja da baya. Idan tafki ya janye, dafin da ke cikinsa ba ya tafiya tare da tururi, sai dai ya ƙara kauri. Dutse na ƙarshe da aka rubuta wa kwanan wata a Tikal na shekarar 869 ne. Ba a ce ruwa kaɗai ya kashe birnin ba, domin akwai yaƙe-yaƙe da sare daji, amma yana cikin manyan dalilai.

Tambayar a gida

Ɗalibin Kano ba ya bukatar jirgin sama kafin ya yi wannan nazari. Daga kan Dala, inda aka sami shaidar narka tama tun wajen ƙarni na 7, malami ya nuna wa ɗalibai ragowar ganuwa, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginawa a ƙarni na 12, ya kuma sa su ƙirga kududdufan da ido zai iya hangowa. Waɗannan ramuka wurin ɗibar ƙasar gini ne, amma sun daɗe suna karɓar ruwan damina. An cike da yawa daga cikinsu an yi gidaje, kuma ɗalibi mai lura zai iya danganta wannan da ambaliyar da ke cin wasu unguwanni a watan Agusta.

Daga nan sai a sauko inda maganar ta fi zafi, wato rukunan masana'antu na Sharada da Challawa da Bompai. Makarantu ba su saba ɗaukar waɗannan wurare a matsayin wurin ziyara ba, alhali a ganinmu sun fi kowane zango darasi. Ko da yake masaƙu da kamfanoni da dama sun rufe, masana'antun jima suna nan suna aiki, musamman a Challawa da Sharada. Majemin gargajiya da bagaruwa yake jeme fata. Jimar zamani kuwa tana fara da jiƙa fata cikin ruwan farar ƙasa da sinadarin salfaid don gashi ya zube, daga nan ne warin ruɓaɓɓen ƙwai ke tasowa, sannan a jeme ta da gishirin kuromiyam, wanda ke ba fatar launin shuɗi-shuɗi. Fata ba ta shanye gishirin duka. Ragowar tana bin ruwan da aka zubar, sai fa idan an tace shi.

To, ina ruwan yake zuwa? Na Sharada yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na rukunin Challawa ma can ya nufa. Na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara, har madatsar Wasai ta wajen Minjibir. A gefen waɗannan rafuka manoman rani suna ban ruwa ga latas da kabeji da alayyafo, waɗanda ake kawowa kasuwannin birni. Kogin Challawa kuma shi ne wanda Kano ta fara jan ruwan famfo daga cikinsa tun zamanin Turawa. Masana a jami'o'inmu sun sha auna ruwa da laka da ganyayen waɗannan wurare, suna samun ƙarafa masu nauyi a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a cikin litar ruwan sha. Kamar zaibar Tikal, kuromiyam ba ya ruɓewa. Yana kwanciya cikin laka, ya jira.

Ga gwaji mai sauƙi. A jiƙa zoɓo a tace ruwansa. A zuba kaɗan a ruwan lemon tsami, za a ga ya ƙara ja. A zuba a ruwan kanwa, zai juye ya yi duhu mai ratsin kore. Bayan ɗalibai sun gane wannan bambanci, sai a gwada ruwan da malami ya ɗebo a wurare uku: sama da inda magudanar masana'anta ta shigo rafi, daidai bakinta, da kuma can ƙasa. Malami ne kaɗai zai ɗebo, da safar hannu da kwalba mai murfi, kuma kada kowa ya sunkuya bakin rufaffiyar magudana, domin iskar salfaid tana iya sumar da mutum. A sani cewa zoɓo tsami da kanwa-kanwar ruwa kawai yake nunawa. Auna kuromiyam aikin ɗakin gwaji ne, kuma makaranta na iya neman taimakon sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Bayero. Shiga cikin masana'anta kuwa sai da takardar neman izini tun kafin ranar.

Kogo da daji

Kogwanninmu na nan kusa ba irin na Maya ba ne. A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, manyan duwatsu ne masu tauri suka jingina da juna suka yi rumfa, don haka ba za a sami turken da ke ƙirga damina ba. Amma a Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu da mutanen da suka yi, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniyar masana a shekarun 1950, tare da duwatsu masu amo da ake bugawa kamar ƙararrawa. Ɗalibi ya dubi bayan shanun da kyau: ba su da tozo. Shanun da muke gani yau a wannan yanki masu tozo ne, marasa tozon kuwa sun fi yawa a kudu mai dausayi, inda suke jure cizon ƙudan tsando. Ɗalibai su tattauna ko wannan yana nuna sauyin yanayi ne, ko sauyin irin shanun da makiyaya suka kawo, ko duka biyun. Kada a taɓa zanen, kada kuma a watsa masa ruwa don ya fito a hoto.

Zango na ƙarshe shi ne dajin Falgore, a ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. An san shi da gwanki da mazo da mugun dawa da birai, ko da yake farauta da kiwo da sare itace sun rage su ƙwarai. Kogin Kano ta nan yake ratsowa kafin ya shiga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, sannan ya gangaro ya haɗu da Challawa su zama kogin Haɗeja. Itatuwan dajin ne ke riƙe ƙasa, idan aka sare su sai laka ta tafi ta kwanta a Tiga ta rage mata ciki. Dajin ya yi fama da ɓarayin shanu, saboda haka kada a sa ranar tafiya sai an tuntuɓi hukumar da ke kula da shi da jami'an tsaro. Makarantar da ke da halin kwana a hanya tana iya zaɓar Yankari ta Jihar Bauchi, inda a lokacin rani giwaye da sauran namun daji ke taruwa a bakin kogin Gaji, ga kuma kogwannin Marshall da mutane suka sassaƙa a jikin dutsen yashi.

Bayan an dawo, a maimakon rahoton da aka saba, kowane ɗalibi ya zana taswirar da ke nuna Falgore da Tiga da kogin Challawa da Salanta da Getsi da Jakara, ya sa kibiya a kan kowane don nuna inda ruwa ya nufa, ya yi alama a inda aka ɗebi ruwan gwaji da launin da zoɓo ya bayar, sannan ya sa ɗigo a unguwarsu ya rubuta daga ina ruwan randar gidansu yake zuwa.