DARASI: INSHORAR GIDA DA AMBALIYAR RUWA

Adar ƙasar duwatsu ce da kwaruruka. In an yi ruwa bisa tudu, ba ya tsayawa. Sai ya gangaro da gudu cikin ƙoramu. Wani ya bi Majiya wajen Buza, wani ya bi Tarka wajen Madawa, wani ya cika kwarin Keita. Wannan ruwa shi ne arzikin fadama. Da shi ake samun albasa da dawa da tumatir. Amma shekarar da ya yi yawa, shi ke kada ɗaki, ya jiƙa rumbu, ya tafi da bisashe.

An ga haka a 2012, an gani a 2020. A damanar 2024 abin ya fi muni. A Nijar mutane kusan 400 suka rasu, ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi. Jihar Tawa tana cikin jihohin da suka fi shan wahala. Har gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga Oktoba, saboda wasu azuzuwa sun lalace, wasu kuma jama'a na zaune a ciki.

Magidanci ya yi shekaru yana bida, ya tara kuɗi, ya gina gida. Dare ɗaya ruwa ya rushe shi. Da me zai sake gini? Ɗaya daga cikin dabarun da ake yi ita ce inshora.

MECE CE INSHORA?

Inshora yarjejeniya ce tsakanin mutum da kamfani. Mutum yana biyan kuɗi kaɗan kowace shekara. In masifar da aka rubuta cikin takarda ta auku, kamfani ya biya shi diyya. In ba ta auku ba, kuɗinsa ba su dawowa, sun tafi wajen biyan waɗanda abin ya sama.

Ga misali don a gane. Magidanta 1000 kowa ya zuba jika 5. An tara jika 5000 ke nan. Cikin shekara gobara ta ci gida 8. Kowane gida aka ba shi jika 500. An fidda jika 4000, saura na aikin kamfani ne da ajiya. Jika 5 ba ta karya kowa ba, amma ta tada gida 8.

Masu motoci sun san inshora, don doka ta tilasta musu ita. Ta gida da ta mangaza da ta kanti kuwa, sai wanda ya so. A Nijar akwai kamfanonin inshora da yawa. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu shi ne SNAR Leyma. Dukkansu suna bin doka guda, ta ƙungiyar CIMA, wadda Nijar da wasu ƙasashen Afirka suka kafa a birnin Yawunde a 1992.

Gwamnati ma tana shiga inshora. Bayan ƙarancin ruwa na 2014, hukumar ARC ta Tarayyar Afirka ta biya Nijar dalar Amurka miliyan 3 da rabi a 2015, don an riga an yi mata inshorar fari.

RUWA IRI BIYU NE A TAKARDA

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Takardar inshorar gida takan ɗauki gobara, da sata, da ɓarnar ruwa. Mai gida ya ga an rubuta ruwa, sai hankalinsa ya kwanta. To, ga kamfani ruwa iri biyu ne.

Na farko ruwan cikin gida ne: bututun famfo ya fashe, ko tanki ya yi yoyo. Da faransanci ana rubuta shi «dégâts des eaux».

Na biyu ruwan waje ne: ƙorama ta cika ta batse, tabki ya tumbatsa, madatsa ta ɓalle, ko ruwan sama ya taru a unguwa ya shigo ta ƙofa. Wannan ita ce ambaliya. Ana rubuta ta «inondation».

Sau da yawa takarda tana ɗaukar na farko, ta bar na biyu. Dalili shi ne, gobara gida ɗaya ko biyu take ci, amma ambaliya unguwa guda take kwashewa rana ɗaya. In gida 300 suka faɗi tare, kuɗin da aka tara ba su isa. Shi ya sa kamfani yake ware ambaliya, ya sa mata nata kuɗi dabam. Ko a Amurka haka ne. Inshorar gida ba ta biyan ambaliya, sai da gwamnati ta kafa wani tsari na musamman a 1968. A can, wanda ya saya yakan jira kwana 30 kafin ta fara aiki.

YADDA AKE ƘARA AMBALIYA

1. A je tun da rani, cikin watan Maris ko Afirilu. Ba a fafe gora ranar tafiya. In hadari ya haɗu, ko ruwa ya riga ya shiga gida, lokaci ya wuce.

2. A tafi da wanda ya iya karatu, don galibi da faransanci ake rubuta takardar. A nemi wurin da aka jera abubuwan da kamfani ba ya biya. Doka ta ce a rubuta su da haruffan da ake gani sarai.

3. A yi tambaya kai tsaye: in ƙorama ta shigo gida, za a biya? In ruwan sama ya jiƙa bango ya faɗi fa? Hatsin rumbu da albasar rudu suna ciki? Katanga da bisashe fa?

4. A faɗi gaskiya. Gidan ƙasa ne ko na siminti? Yana kusa da ƙorama? Ruwa ya taɓa shigarsa? Wanda ya ɓoye gaskiya da gangan, ranar biya ba ya samun kome.

5. In an daidaita, a karɓi ƙarin takarda mai sa hannu da hatimi. Sunanta «avenant». Alkawarin baki ba ya biyan diyya.

6. A biya kuɗi, a karɓi takardar shaidar biya. Tun 2011 dokar CIMA ta ce inshora ba ta fara aiki sai an biya.

7. A sa takardun cikin leda, a ajiye su wuri mai bisa. A ɗauki hoton gida da kaya da salula.

LISSAFI

Kamfani ba ya biyan abin da ya fi hasarar da aka yi. Kuma akwai wani kaso da ake bar wa mai gida, ana ce masa «franchise». Kuɗin da ke cikin wannan misali na koyon lissafi ne kawai.

Wani magidanci yana da gida na jika 2000. Don ya rage kuɗin biya, sai ya ce na jika 1000 ne. Ambaliya ta yi masa ɓarnar jika 600. Kamfani ya duba ya ga rabin gida aka yi wa inshora, saboda haka rabin ɓarna zai biya, jika 300. Aka cire kason mai gida, jika 50. Ya tashi da jika 250. Da ya faɗi kuɗin gidansa daidai, da ya samu jika 550.

RANAR DA RUWA YA SHIGO

Rai ne farko. A fidda yara da tsofaffi zuwa tudu. Kada kowa ya ratsa ƙorama tana gudu, ko da ƙafa, ko da amalanke, ko da mota.

In ruwa ya janye, a ɗauki hoton ɓarna kafin a kwashe. A sanar da mai gari da ofishin magajin gari. A sanar da kamfani a rubuce, da hanzari. Wa'adin yana cikin takarda, kuma doka ta ce ba ya kasa kwana 5 na aiki. In sata ce ko mutuwar bisashe, awa 48 ne kawai.

WANDA INSHORA BA TA KAI GARE SHI BA

Gidajen karkara mafi yawa na ƙasa ne. Kamfani yana iya ƙin gidan ƙasa, ko gidan da ke bakin ƙorama, ko ya tsawwala kuɗi. Inshora ta fi sauƙin samu ga gidan siminti, da kanti, da mangazar ƙungiyar manoma, da bankin cimaka. Ƙungiya tana iya zuwa da sunanta, ta fi mutum ɗaya ƙarfin magana.

Wanda yake da shakka ta fuskar addini, ya tambayi malamai, ya kuma tambayi kamfani ko yana da takaful. Wannan inshora ce ta taimakon juna bisa tsarin Musulunci. An fara ta a Sudan a 1979.

Gari ma yana iya kafa asusunsa. Mata Masu Dubara sun fara a jihar Maraɗi a 1991, suna zubi kowane mako, suna taimakon wadda masifa ta sama. Irin wannan asusu yana iya tanadin kuɗin azara da ƙofa da tubali. Amma tun da ambaliya kowa take taɓawa, ya fi kyau garin tudu da garin kwari su haɗa asusu.

Kuma inshora ba ta tare ruwa. Mutanen Adar sun san abin da ke tare shi. A kwarin Majiya an fara dasa layukan dogon yaro a 1975. A Keita, tun 1984, maza da mata sun jera duwatsu, sun haƙa ramuka, sun yi madatsu, sun dasa miliyoyin itatuwa. Waɗannan ayyuka suna son gyara kowace shekara. A gida kuma a yi yaɓe, a gyara indararo, a ɗaga gindin rumbu bisa duwatsu, a share hanyar ruwa da gayya. Sabon gini kuwa a yi shi nesa da ƙorama, ko da ta yi shekara goma ba ta kawo ruwa ba.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin ruwan cikin gida da ambaliya?
2. Don me kamfani yake ware ambaliya?
3. A wane wata ya kamata a je kamfani?
4. Gida na jika 1200, an yi masa inshorar jika 600, ɓarna ta kai jika 400, kason mai gida jika 20. Nawa za a biya?
5. A rubuta sunayen ƙoramun da suka ratsa gari, da yawan gidajen da ke bakinsu.