Jak ɗin Ɗaga Babur: Yadda Ake Zaɓensa da Ƙara Masa Inganci

Duk wanda ya taɓa durƙusawa yana juyen baƙin mai ko ɗaure sarƙar babur ya san wahalar da baya da gwiwoyi ke sha. Saboda haka ne aka ƙera jak na musamman wanda ke ɗaga babur sama. Sai dai mai saye yakan tsaya ga tambayar nauyin da jak ke iya ɗagawa, alhali yawancin haɗarin yana ga rinjaya da saukowa ba zato.

Inda Ƙarfin Yake Fitowa

Jak mai amfani da mai yana aiki ne bisa ƙa'idar Blaise Pascal, masanin ƙasar Faransa wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662. Ƙa'idar ta nuna cewa idan aka matsa ruwa ko mai a cikin rufaffen mazubi, matsin yana isa kowane sashe nasa daidai wa daida. A 1795 Joseph Bramah na Ingila ya yi rajistar injin matsa kaya da ke aiki da wannan ƙa'ida.

Alal misali, a ɗauka faɗin fuskar ƙaramin fistin santimita murabba'i 1 ne, na babba kuma 10. Idan sandar da ake takawa tana ninka ƙarfi sau 10, takun kilogiram 15 zai zama 150 a kan ƙaramin fistin, ya zama 1,500 a kan babba. Amma ba a samun wannan a banza: duk santimita 1 da ƙaramin ya nutsa, milimita 1 kacal babban ke tashi. Dalilin yawan taku ke nan.

Zaɓen Jak

Masu araha iri biyu ne. Akwai wanda ake turawa ƙarƙashin inji, mai barin tayoyi a sama, yawanci da lambar kilogiram 680 a jikinsa. Akwai kuma mai siffar tebur, wanda ake hawar da babur kansa, yawanci mai ɗaukar kilogiram 450. Ƙaramin babur irin na haya bai cika wuce kilogiram 130 ba, manya kuwa wasunsu sun haura 300. Ƙarfin ɗagawa ke nan ba safai yake gazawa ba. Abin dubawa shi ne faɗin gindi, da kyawun walda, da sakatar ƙarfe mai kulle jak bayan ya tashi. Jak ɗin da ba shi da sakata bai cancanci saye ba komai arharsa, domin robar da ke tsare mai tana lalacewa, kuma da zarar ta fara yoyo babur zai sauko a kan hannun mai aiki.

Cibiyar Nauyi

Abu yana tsayawa ne muddin layin da ya sauko daga cibiyar nauyinsa ya faɗa cikin gindinsa. Bulon da aka kwantar yana da wuyar turewa, wanda aka tsayar kuwa ɗan turi ya ishe shi. Ɗaga babur kamar tsayar da bulo ne: cibiyar ta yi sama, gindi bai ƙaru ba. Haka nan idan aka cire tayar baya, cibiyar tana gusawa gaba, sai babur ya nemi kifewa.

Gyare-gyare Masu Amfani

Na farko, a kafa maƙalar ƙarfe mai riƙe tayar gaba a kan tebur, a ɗaure ta da noti masu kauri. Na biyu, a sa zobban ƙarfe a gefuna biyu domin ɗaure babur da madauri ta dama da hagu. Na uku, a ƙara faɗin gindi da ƙarafa biyu a gicciye. Na huɗu, a shimfiɗa katako ko roba inda jak ke taɓa babur, don nauyi ya hau kan firam, kada ya danne salansa.

Akwai kuma abubuwan da ba a taɓawa. Huda ƙarafan da ke ɗauke da nauyi, ko yi musu walda, yana raunana su. Man birki yana cinye robar jak, don haka man jak kaɗai ake zubawa. Daɓen siminti mai daidaito ne wurin aiki, domin a kan rairayi ƙafa ɗaya tana iya nutsewa.

Aikin Ɗalibai

1. Idan faɗin babban fistin ya koma santimita murabba'i 20, nawa takun kilogiram 15 zai ɗaga?
2. A ɗora bulo a kan allo, a riƙa karkata allon, sau ɗaya bulon na kwance, sau ɗaya yana tsaye. A auna kusurwar da ya motsa a kowane hali, a lura ko zamewa ya yi ko kifewa, sannan a bayyana dalili.